Tambayoyi da Amsoshi kan Shuka Bishiyar Filamboyan da Kula da Ita

Daga watan Afrilu zuwa Yuni, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma yawancin itatuwa sun yi furu-furu da ƙura, akwai bishiyar da ke yin jajawur da fure a harabar tsofaffin makarantu da unguwannin ma'aikata a Kaduna, Zariya, Kano da Yamai. Ita ce filamboyan, wadda masana tsirrai ke kira Delonix regia. Mutane da yawa suna ganinta su yi sha'awa, su shuka, bayan 'yan shekaru kuma su dawo da kuka: ko ta ƙi fure, ko ta tsaga katanga. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace irin bishiya ce, kuma daga ina ta fito?

Asalinta tsibirin Madagaska ne, a dazuzzukan yamma da arewacin tsibirin inda ake shafe watanni ba a ga ruwan sama ba. Masanin tsirrai Wenceslas Bojer ne ya gabatar da ita ga masana a shekarun 1820, daga nan aka yi ta kai ta ƙasashe masu zafi har ta zama gama-gari a Indiya, Karebiyan da Afirka ta Yamma. Danginsu ɗaya da tsamiya da ɗorawa da wake, shi ya sa take yin kwafsa.

Tsayinta yakan tsaya tsakanin mita 9 zuwa 12, amma kanta yana buɗewa kamar laima, sau da yawa faɗinsa ya zarce tsayin bishiyar. Ganye ɗaya yana kai santimita 30 zuwa 50, ya rarrabu zuwa ɗaruruwan ƙananan ganye masu laushi. Furen yana da kunnuwa biyar: huɗu ja ne ko ja mai sirkin ruwan lemo, na biyar ya fi su girma, a tsaye yake, fari da rawaya mai ɗige-ɗigen ja. Akwai wani nau'i mai rawayan fure zalla, sai dai ba a cika samunsa ba.

A riƙe wannan tun yanzu: bishiyar ta saba da dogon rani, kuma da shi take shirya furenta. Yawancin amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso.

Za ta yi a yankinmu?

Za ta yi a kusan duk ƙasar Hausa. Zafi ba ya damunta, sanyin hunturunmu kuma bai kai ya kashe ta ba. Daga Kano zuwa kudu, ruwan damina ya ishe ta da zarar ta kama ƙasa. A wuraren da ruwan ya yi ƙaranci, irin su Maraɗi, Damagaram da arewacin Sakkwato, sai an tallafa mata da ban-ruwa a rani biyu ko uku na farko, kuma ba za ta kai girman ta Kaduna ba.

Abin da ba ta jurewa shi ne kwanciyar ruwa. Jigawa ko jar ƙasa mai tsotse ruwa ta fi mata. Fadama mai laka, ko kwarin da ruwa ke kwana biyu a cikinsa a watan Agusta, ruɓar da saiwarta zai yi. Tana kuma son rana tun safe har yamma.

Nisa nawa zan bari tsakaninta da katanga?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, ita ce kuma aka fi mantawa da ita, domin ɗan dashen da ke cikin leda bai fi tsawon hannu ba, ba wanda zai kalle shi ya hango abin da zai zama nan da shekara goma.

Saiwar filamboyan ba ta nutsawa can ƙasa sosai. Kwance take tafiya kusa da doron ƙasa, ta yi kauri, har a gindin tsohuwar bishiya za ka ga saiwoyin sun taso sun yi ƙundu-ƙundu a fili. Duk abin da suka tarar a hanya, daɓen siminti ne, tayil, bakin kwata ko tushen katanga mara zurfi, sai sun ɗaga shi. Kuma suna bin danshi, don haka bututun da ke yoyo da ramin sokawe da salga suna jawo su.

Shawararmu: a bar aƙalla mita 6 tsakaninta da katanga ko daɓe, mita 8 zuwa 10 tsakaninta da ɗaki, rijiya, salga ko sokawe. Wanda ba shi da abin awo ya ƙirga manyan taku, kowane taku kusan mita ɗaya ne. A ɗaga kai a duba sama kuma: kada a dasa ta ƙarƙashin wayar lantarki, don ranar da rassanta suka kai wayar, sara za a yi musu ba tausayi. Idan jeri ake so a bakin hanya ko filin makaranta, a ba kowacce mita 10 zuwa 12. In an matse su, sai su yi ta tsere zuwa sama, furen ya koma can ƙoli inda ba mai ganinsa.

Gidana ƙarami ne. Ba yadda zan yi?

Idan tsakar gidanka bai kai faɗin mita 12 ba, gara ka haƙura da ita a ciki. In akwai fili a ƙofar gida, ko masallacin unguwa, ko makaranta, can ne wurinta. A babbar tukunya ko rabin duro za ta rayu 'yan shekaru, amma da wuya ta yi furen kirki.

Akwai 'yar uwarta ƙarama, Caesalpinia pulcherrima, wadda masu fulawa ke sayarwa a bakin titi. Ba ta cika wuce mita 2 zuwa 3 ba, furenta ja da rawaya ne, tana daɗewa tana yinsa, saiwarta kuma ba ta ɓarna. Tana da 'yar ƙaya, kuma a hana yara cin 'ya'yanta. Cikin itatuwanmu na gida ma akwai minjirya mai jan fure da marga mai rawaya, dukansu ba su kai filamboyan cin wuri ba.

Na shuka ƙwayar wata biyu ke nan, shiru. Irin ne ba kyau?

Da wuya laifin irin ne. Ɓawon ƙwayar ne ke da tauri har ruwa ba ya ratsa shi, tana iya kwana cikin ƙasa shekara ko fiye ba ta motsa ba. Sai an buɗe wa ruwa hanya.

A samo kwafsar da ta bushe ta yi baƙi-baƙi a kan bishiya. Tsawonta yakan kai santimita 30 zuwa 60, tana da tauri, sai an sa adda ko an buga ta da dutse a gefe kafin ta rabe. A ciki ƙwayoyin suna jere a kwance, kowacce a ɗakinta, dogaye masu kusan santimita 2. A zubar da masu huji da waɗanda suka motse. Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko ta fi tabbas idan ƙwayoyin kaɗan ne. A duba ƙwayar: gefe ɗaya yana da ɗan tsini inda take manne da kwafsa, nan tsiron zai fito, kada a taɓa shi. A ɗaya gefen a ɗan gutsure ɓawon da abin yankan farce, ko a goga shi a kan siminti mai kaushi har sai an hango fari-fari a ciki, a tsaya nan. A jiƙa a ruwa kwana ɗaya.

Ta biyu ta masu yawa ce. A tafasa ruwa, a sauke, a bar shi kamar minti biyu zuwa uku, a zuba a kan ƙwayoyin, ruwan ya ninka su sau huɗu ko biyar. A bar su a ciki har ya huce, su kwana. Kada a dafa su a kan wuta, mutuwa za su yi.

Washegari waɗanda suka sha ruwa za su kumbura su kusa ninka girmansu, ɓawon ya yi laushi yana saɓulewa. Su za a shuka nan take. Waɗanda suka tsaya yadda suke, a sake yi musu. A binne su zurfin gaɓar yatsa ɗaya, santimita 1 zuwa 2, a kwance. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su fito.

Yaya ake renonta a leda?

A haɗa ƙasar sama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi ɗaya. Takin da bai ruɓe ba yana ƙona tsiro, yana kuma kiran gara. A zaɓi doguwar leda mai zurfin santimita 25 ko fiye, a huhhuda ƙasanta. Ƙwaya biyu a kowace leda, in duk sun fito a cire mai rauni.

Makonni biyu na farko a ajiye su a inuwa mai ratsin rana, sannan a riƙa fitar da su sannu a hankali. Ban-ruwa sau ɗaya a rana, da safe; a tsananin bazara a ƙara da yamma. Idan ka ga tsiron ya yi baƙi a daidai wuyansa ya kife, ruwa ya yi yawa ko ledar ba ta zubarwa. Duk mako biyu a ɗaga ledar a gusa da ita, don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa.

Cikin wata uku zuwa huɗu zai kai santimita 30 zuwa 50, ya isa dashe. Ke nan wanda ya shuka a watan Maris, dashensa zai yi daidai da Yuli.

Ana iya dasa reshenta?

Ana iyawa. A yanko reshe mai kaurin babban yatsa, wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, tsawon santimita 30 zuwa 40, daga bishiyar da aka san tana fure sosai. A cire ganyen, a binne rabinsa a yashi mai danshi a inuwa, a farkon damina. Ba duka ke kamawa ba, don haka a sa da yawa. Amfaninsa biyu: yana riga na ƙwaya fure, kuma launinsa na uwar ne sak, abin da ƙwaya ba ta tabbatarwa. Illarsa ita ce saiwarsa ba ta kai ta ƙwaya riƙe ƙasa ba, don haka a wuri mai iska mun fi son na ƙwaya.

In zan saya wajen masu fulawa, me zan duba?

Kada tsawo ya ruɗe ka. Dashen da ya kai mita ɗaya da rabi cikin 'yar ƙaramar leda ya daɗe a ciki, saiwarsa ta nannaɗe kanta, kuma haka za ta ci gaba da zagaye ko an sa ta a ƙasa, sai bayan shekaru iska ta kayar da bishiyar. Zaɓi mai kara ɗaya miƙaƙƙe, mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu. Ɗaga ledar: in sai da aka fizge ta daga ƙasa, an tsinke saiwa. Shafa karan kuma, in ka ji ƙaya, ƙaramar 'yar uwarta ce, don filamboyan ba ta da ƙaya ko ɗaya.

Yaushe ake dasawa, kuma yaya ake haƙa ramin?

Idan damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu sosai, wato ƙarshen Yuni zuwa Yuli a yawancin wurare. Ruwan farko yaudara gare shi, yakan ɗauke mako biyu ko uku. Dashen Satumba kuma ba ya samun lokacin kafa saiwa kafin iskar hunturu.

A haƙa rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, mako biyu kafin ranar. Ƙasar sama a gefe ɗaya, ta ƙasa a wani gefen. Idan an ci karo da marmara, a sa diga a fasa ta, in ba haka ba ramin zai riƙe ruwa. Ga gwaji mai sauƙi: a cika ramin da ruwa da yamma, in da safe yana nan, wurin bai dace ba. A sabon gida a tsince ɓaraguzan bulo da siminti da magina suka binne.

A gauraya ƙasar sama da bokiti ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki, a mayar. Da yamma ko ranar da ake lumshi, a tsaga ledar da reza a cire ta gaba ɗaya, ba tare da ƙasar ta wargaje ba. In saiwa ta nannaɗe a ƙasa, a warware ta ko a datse wurin. A zaunar da dashen yadda wuyansa zai yi daidai da doron ƙasa, yadda yake a leda. Zurfafa shi kuskure ne da ake yawan yi da kyakkyawar niyya, kuma shi ke ruɓar da wuyan. A danna ƙasar da ƙafa a hankali, a yi mata ɗan kewaye mai faɗin mita ɗaya don tare ruwa, a zuba bokiti guda.

In wurin da iska, a kafa turke a gefe, a ɗaure da tsumma sako-sako. Waya ko igiyar leda tana cin ɓawo. A cire turken bayan shekara ɗaya.

Ruwa nawa take sha?

A daminar farko ba a ba ta sai in ruwa ya ɗauke fiye da mako guda. A ranin farko, lita 20, wato bokiti babba ɗaya, sau biyu a mako. Daga Maris zuwa Mayu a mai da shi sau uku. A rani na biyu, bokiti biyu sau ɗaya a mako. Daga shekara ta uku ko ta huɗu a janye hannu.

Ruwa mai yawa lokaci-lokaci ya fi yayyafin kullum. Yayyafi yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, saiwar da dama can son sama take yi sai ta ƙara tasowa. A lulluɓe kewayen da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, kaurin yatsu huɗu, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan. Ruwan alwala da na ɗauraya ba laifi. Ruwan wanki mai omo da bilic yana lalata ƙasar a hankali.

Awaki da gara fa?

Akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata shida cikin minti biyar, kuma in ta cinye kan dashen, zai fito da rassa barkatai maimakon kara ɗaya. A kewaye shi tun ranar dashe, da ragar waya, ko bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga, ko ƙaya. Tsayin shingen ya kai mita ɗaya da rabi, a bar shi har rassan su fi ƙarfin akuyar da ta miƙe a ƙafa biyu.

Gara ta fi kama dashen da ƙishi ya galabaitar, ko wanda aka tara wa kara da ɗanyen taki a gindi. In ka ga ta yi gini a jikin karan, kankare shi, ka zuba toka ko dakakkun 'ya'yan darbejiya a kewaye, ka ba shi ruwa. In ta yi yawa, a nemi maganin gara a shagon kayan gona a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Kada a shafa baƙin mai, yana ƙona ɓawon ya kashe bishiyar da ake son ceta.

Wane taki za a sa mata?

Kaɗan. Duk da danginta ɗaya da wake, ba ta ƙera wa kanta sinadarin naitirojin a saiwa yadda wake ke yi, don haka ƙaramar bishiya tana amfana da taimako. A shekaru uku na farko, a farkon damina, a ba ta bokiti biyu na ruɓaɓɓen taki. In ƙasar ta gaji sosai, a ƙara cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15, a barbaɗa shi a da'ira nesa da karan da kamar santimita 40, a rufe da ƙasa. Babbar bishiya ba ta bukata. Yuriya kuwa a nisanta ta da ita, ganye za ta tara, fure ya gudu.

Shekara shida ke nan, ganye shar, amma ko fure ɗaya. Me ya faru?

Da farko a duba shekaru. Ta ƙwaya takan fara tsakanin shekara 4 zuwa 7, wata ma ta haura haka, kuma furen farko 'yan tsiraru ne a reshe ɗaya ko biyu. Cikakken ja sai bayan wasu shekaru.

In ta isa kuma ta ƙi, mafi yawan lokaci gata ne ya yi mata yawa. Bishiyar da ke tsakiyar ciyawar da ake fesa wa ruwa kullum, ko kusa da famfo mai yoyo ko bakin kwata, ba ta sanin rani ya yi. Ganyenta ba ya zuba, ba ta hutawa, sai ta yi ta toho. Za ka iya ganin biyu a layi ɗaya: wadda ke cikin lambun da ake kula da shi kore shar ba fure, wadda ke waje cikin ƙura ba mai waiwayarta ta yi jajawur. Maganin shi ne a yanke mata ruwa ɗungurungum daga Disamba zuwa Maris, a gyara famfon, a bar ganyen ya zube. Ba za ta mutu ba.

Sai inuwa. In dogon gini ko mangwaro ko darbejiya ya tare mata rana rabin yini, gefen da ke samun rana ne kaɗai zai yi fure. Sai kuma sara: furen a ƙarshen rassa yake fitowa, wanda ya datse su a Fabrairu ko Maris ya zubar da furen bana da hannunsa.

Ko lafiyayyar bishiya ma ba kowace shekara take cika ba. Wata shekarar ta yi ambaliya, wata ta yi kaɗan.

Ganyen ya zube duka a hunturu. Ta mutu ne?

A'a, ɗabi'arta ce. Kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce: in ka ga kore mai danshi, tana nan da ranta. Da zafi ya shigo za ta yi toho da fure kusan tare.

Abin damuwa shi ne ganye ya yi rawaya ya zube a tsakiyar damina. Nan a tona gefen gindin a duba, galibi ruwa ne ya kwanta, sai a yanka masa hanya. In kuwa sabon ganye ne ke fitowa fari-fari da jijiyoyi kore, ƙasar ce ta yi kanwa-kanwa, sau da yawa saboda siminti ko ruwan wanki, har saiwar ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Ruɓaɓɓen taki da daina zuba ruwan wankin suna gyara shi a hankali.

Yaya ake gyara rassanta?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a filamboyan wannan magana ba ta da ragi, domin itacenta gautsi gare shi. In an bar ta yadda ta ga dama, tun daga ƙugu za ta rabu biyu ko uku, rassan su yi nauyi su sunkuyo, hadarin farkon damina ya zo da iska ya tsage ɗaya har cikin gangar jikin.

A shekaru uku na farko a tsayar mata da kara ɗaya. In kai biyu suka fito suna gasa, a cire ɗaya tun yana kaurin yatsa. A riƙa cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan, ba a lokaci ɗaya ba, har gangar jikin ta kai mita 2 zuwa 2.5 ba reshe; a bakin hanyar mota a kai mita 4. Daga nan a zaɓi manyan rassa uku zuwa biyar da ke fuskantar ɓangarori daban-daban, ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Reshen da ya buɗe sosai daga jikin uwar ya fi ƙarfi. Wanda ya matse da ita, ɓawo ya shige tsakaninsu, shi ne mai tsagewa. Kada a bar wani reshe ya wuce rabin kaurin gangar jikin.

Babban reshe da zarto ake yanke shi, a yanka uku. A fara daga ƙasansa, tazarar santimita 30 daga jiki, a shiga kashi ɗaya cikin uku. A koma sama, ɗan gaba kaɗan, a yanke har ya faɗi. Sannan a cire guntun da ya rage a daidai bakin kumburin da ke gindin reshen, ba tare da an shafe kumburin ba, don daga nan ciwon ke rufewa. Wanda ya sare shi da adda daga sama kai tsaye, nauyin reshen zai ɓare ɓawon har ƙasa. Ba a bukatar shafa fenti a wurin.

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Nuwamba zuwa Disamba, sa'ad da ciwon zai bushe da wuri. Busasshen reshe ko karyayye kuwa a cire shi duk ranar da aka gan shi. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kanta a shekara guda.

Abu ɗaya muke roƙo a bari: yi mata ƙwal-ƙwal yadda ake yi wa darbejiya. Darbejiya tana jurewa. Filamboyan in an guntule manyan rassanta, ruɓa ke shiga ta bakin saran, tohon da zai fito kuma tsintsiya ce mara ƙwari mai karyewa, siffar bishiyar ba ta dawowa.

Saiwa ta riga ta ɗaga daɓe. In sare ta?

In da hali, a fasa daɓen a faɗaɗa mata wuri, a zuba tsakuwa a maimakonsa. Ya fi arha a kan gyaran kowace shekara. In dole sai an yanke, a auna kaurin gangar jikin, a ninka sau biyar, kada a yanke saiwa kusa da haka. Bishiya mai kaurin santimita 40, ke nan mita 2. A yi yankan da zarto, a gefe ɗaya kawai a shekara. Tunda saiwoyin saman nan su ne ke riƙe da ita, wanda ya zagaye ta da sara ya shirya mata faɗuwa a iskar farko. In kuwa tana mita biyu da ɗakin kwana kuma bango ya fara tsagewa, a cire ta, a dasa wata inda ya dace.

Wani abu mai kama da faifai ya fito a gindinta. Mene ne?

In yana da tauri, samansa ja-ja mai sheƙi, ƙasansa fari, naman gwari ne da ake kira Ganoderma, kuma fitowarsa na nufin ruɓa ta riga ta ci saiwa da cikin gindin. Cire shi ba ya warkar da komai, ba kuma maganin fesawa da ke kai wa ciki. Bishiyar tana iya yin shekaru a tsaye da koren ganye, sannan ta faɗi ba gargaɗi. In tana kusa da ɗaki, ajin yara ko wurin da ake zama, a sare ta, a tone kututturen, kada a sake dasa wata a ramin nan kusa. Naman gwarin yana shiga ne ta ciwo, don haka a daina ƙona shara a gindinta, a daina kafa mata ƙusa da sassaƙar ɓawonta.

Ƙananan huji masu zubar da garin itace aikin tsutsa ne mai huda, ta fi samun reshen da ya raunana. A yanke shi a ƙona. Kauci kuma a cire shi tare da reshen da ya kama, tazarar kamu ɗaya ƙasa da inda ya manne, in ba haka ba zai sake tsirowa.

Me zan shuka a ƙarƙashinta, kuma yaya zan yi da shararta?

Ciyawar ado ba ta yi a nan, inuwa da saiwa sun fi ƙarfinta. A bar wurin ya zama na tabarma da benci, ko a jera fulawar tukunya mai son inuwa. Kada a tara ƙasa a kan saiwoyin don a ɓoye su, suna bukatar iska.

Shara kam akwai ta: ƙananan ganye a hunturu, fure a bazara, kwafsa kusan duk shekara. Ganyen yana toshe indararo da magudanar kwano, wani dalilin ke nan na nisanta ta da rufi. A share a tara a rami, yana ruɓewa da wuri ya zama taki. Busasshiyar kwafsa tana ci da wuta sosai, yara kuma suna kaɗa ta suna wasa. A kakkaɓo waɗanda ke saman inda ake ajiye mota ko zama, don suna da nauyi.

Zan iya tone wadda na dasa kusa da bango in mai da ita wani wuri?

In ba ta wuce shekara biyu ba, kaurinta bai fi na hannu ba, za a iya. Wata biyu kafin ranar, a zagaye ta da shebur tazarar santimita 40 daga karan, a datse saiwoyin gefe, a mayar da ƙasar, a ci gaba da ba ta ruwa don ta fitar da sababbin ƙananan saiwoyi a ciki. A cikin Yuli, da yamma, a ɗago ta da ƙasarta a kan buhu, a rage kusan rabin ganyen, a dasa a ramin da aka riga aka shirya, a kafa mata turke, a yi mata ban-ruwa irin na sabon dashe har rani ya fita. Wadda ta wuce haka da wuya ta tashi, kuma sabon dashe daga ƙwaya zai kamo ta cikin shekara biyu ko uku.